Suna Takwas, Yatsa Ɗaya

Unguwar Shanu, Kaduna.
Laraba, 12 ga Mayu, 1976.

Zuwa ga matata Hasiya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, da Inna, da Kaltume matar Yaya da yaranta, da duk mutanen Bakori. Yaya nauyin jiki? Ƙafafun sun daina kumbura? Allah ya raba lafiya, amin. Ni ma nan lafiya ƙalau, sai kewa, sai kuma tuwon sayarwa da ya ishe ni. Tun da kika tafi gida goyon ciki ban ci miyar da ta amsa sunanta ba.

Wannan takarda ki karanta ta da kanki. Na san kina ce wa rubutuna tonon kaji, to ki bi a hankali, ai ba a banza kika zauna ajin yaƙi da jahilci ba. Kada ki kai wa malamin makaranta ya karanta miki, don kafin ya kai ƙarshe rabin gari ya ji.

Dalilin rubutowa shi ne wanki, Yaya Ja'afaru, ya ɗan ji ciwo a wurin aiki shekaranjiya Litinin. Kada hankalinki ya tashi. Ana sauke kwanon rufi daga mota ne a siton kamfani, igiya ta tsinke, bandir ɗaya ya zamo ya sami hannunsa na dama. Ina zaune a teburina gindin mangwaro na ji ihu. Kamfani suna da ɗan ɗakin shan magani a cikin harabar, can muka fara kai shi, mai ba da magani ya ɗaure hannun, ya ce iyakarsa ke nan, tun da Yaya ba shi da katin ma'aikatansu. Sai na tari tasi muka tafi asibitin gwamnati. Yanzu yana can kwance, yana cin abinci, yana magana, har ya yi mini faɗa don na kawo masa koko ba ƙosai.

Kada ki gaya wa Inna tukuna, Kaltume ma ki ce mata ƙaramin ciwo ne. Maigidana Alhaji Sanda ya zo da kansa ya duba shi, ya ce kada mu damu, komai yana hannunsa. Kin san Alhaji ba ya magana biyu.

Ni dai tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na je asibiti sai in ji ina son komawa sito, in na koma sito sai in ga kamar ana nemana a asibiti. Jiya sau uku na taka keken nan tsakanin Unguwar Shanu da cikin gari, ba tare da na san abin da na je yi ba. Amma wannan halina ne, kin sani, ba wani abu ba ne.

Na ba Labaran direba wannan takarda da sabulu sanda biyu. Ki gaishe da Inna da kyau.

Ni ne mijinki,
Ɗahiru Sambo.

Unguwar Shanu, Kaduna.
Asabar, 22 ga Mayu, 1976.

Zuwa ga Hasiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, da duk na gida. Yaya jikin Inna da wannan labari? Allah ya ba ta haƙuri.

Takardarki ta iso. Ashe Labaran direba ya riga ya kwance mini zani a kasuwa! Bakin mutumin nan ba ƙyaure. To, ba zan musa ba. Ba ƙaramin ciwo ba ne. Babban yatsa da manuni da na tsakiya duk sun tafi, likita ya ce ba abin da za a iya ɗinkewa. Na ɓoye miki ne saboda halin da kike ciki, kuma na yarda ban kyauta ba. Mutumin da ya riƙe ki tun rasuwar Baba, ya aurar da ke, kin fi kowa cancantar sanin gaskiyarsa.

Kin tambaya ko kamfani za su biya shi diyya, tun da ya ba su shekara biyu yana ɗaukar siminti da rodi da kwano. Nan gizo ke saƙar, kuma dole in faro miki daga tushe.

Kin san ni malamin rajista ne a wurin Alhaji Sanda, amma ban taɓa gaya miki yadda rajistar take ba. Leburorin da ke aiki a siton nan ba ma'aikatan kamfani ba ne, na Alhaji ne. Shi ke ɗauka, shi ke biya, shi ke sallama. Kamfani dai su ce gobe muna son mutum sittin, Alhaji ya kawo. A cikin takardar kwangilarsa akwai sharaɗi, kada lebura ɗaya ya wuce wata uku a harabarsu, don kada 'yan ƙungiyar ƙwadago su zo su ce wannan ya zama ɗan gida, a ɗauke shi aikin dindindin. Shi kuma mai kula da sito ba ya son baƙon hannu wanda bai san inda ake kama kwano ba. Sai Alhaji ya samo dabara. Mutum ya zauna, suna ya tafi. Duk wata uku in rufe rajista in buɗe sabuwa, mutanen nan dai su ne, amma kowa da sabon suna.

Leburori suna ce da ita ranar suna. A sayo goro a raba, in kira mutum in ce daga yau kai ne wane ɗan wane. Liman suke kirana. Wani ya ce in ba shi sunan mai arziki ko Allah ya sa ya bi shi, wani ya ce don Allah ban da sunan surukinsa. A yi ta dariya. Wallahi Hasiya ban taɓa ɗaukar abin laifi ba. Gani nake taimako nake yi, mutum sittin suna cin abinci maimakon a kore su duk bayan wata uku. Yanzu da nake tunawa, Yaya kaɗai ne bai taɓa cin goron nan ba. Karɓa yake ya miƙa wa na kusa da shi.

Suna takwas na raɗa masa cikin shekara biyu. Na ƙarshen shi ne Mamman Ila. Da shi yake aiki ranar da kwanon ya faɗo.

To Alhaji yana da inshora, kamfani ne suka tilasta masa, kuma tana biyan duk wanda ke cikin rajista in ya ji ciwo. Amma da muka isa asibiti, mai rubuta kati ya tambaye ni suna, sai na ce Ja'afaru Adamu. Haba, wa zai tuna da wani Mamman Ila jini na zuba a rigata? Yanzu katin asibiti ya ce Ja'afaru ne ya rasa yatsu, rajista ta ce babu Ja'afaru a wurin ranar, bai ma taɓa aiki a wurin ba. Mutanen inshora suka maido da takardun, suka ce su ba su san wannan mutum ba.

Ran Alhamis wata dabara ta faɗo mini. Duk Asabar in an biya lebura dangwala babban yatsa yake a gefen sunansa. Na zaro rajistocin nan takwas na jera. Ga shi nan kuwa, suna takwas, yatsa ɗaya, har da ɗan tabon lauje da ya ratsa tsakiya. Na yi tsalle, na ce shi ke nan, a sa Yaya ya dangwala a gwada kowa ya gani. Na ɗaure su a bayan keke, na taka kamar ana kora ta. Sai da na kai bakin ƙofar ɗakin da yake kwance, na hango farin bandejin nan, sannan na tuna. Na juya ban shiga ba, na zauna kan dakali har aka kira la'asar.

Ban san abin da zan ƙara miki ba. Ki yi mini addu'a, ki kuma kula da kanki.

Naki,
Ɗahiru.

Unguwar Shanu, Kaduna.
Lahadi, 6 ga Yuni, 1976.

Zuwa ga matata Hasiya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna da Kaltume. Yaya jiki, yaya damina? An ce kun sami ruwa mai kyau, har an gama shuka. Allah ya ba da albarka. Sau biyu Labaran direba ya dawo ba takarda daga wurinki. Na tambaye shi ko lafiya, ya ce lafiya lau, ya gan ki a ƙofar gida kina tsintar wake. To na gane.

An sallami Yaya, yana ɗakinmu. Ni ke ɗaure masa mazagi, ni ke zuba masa ruwan alwala. Ba ya ƙorafi, kuma wannan ya fi ci mini rai. Da zai zage ni da na ji sanyi. Jiya na same shi ya ari fartanyar maƙwabcinmu yana gwada riƙewa da yatsu biyu, tana suɓucewa, yana sake ɗauka. Da ya gan ni sai ya jingine ta ya ce dubawa yake ko ƙotar ta yi kyau. Kin san bana ya yi niyyar barin Kaduna ya koma gona gaba ɗaya.

Ban zauna ba, Hasiya, kada ki zaci na zauna. Na je har gida wurin Malam Bello, manajan ma'aikata na kamfani, a Unguwar Sarki. Na tafi da niyyar in gaya masa baƙaƙe, sai mutumin ya karɓe ni da lemo mai sanyi, ya zaunar da ni kan kujera. Ya ce ya san Ja'afaru sarai, dogon nan mai tsagar Katsinawa, kullum suna gaisawa. Na ce to alhamdu lillahi, ai sai ya rubuta mana haka a takarda. Ya ce a'a, idonsa ya san shi, amma takardarsa ba ta san shi ba.

Ya yi mini bayani dalla-dalla, kamar mai koya wa yaro karatu. Ya ce in kaya suka iso suna bukatar mutum ɗari, mako mai zuwa ashirin ma sun yi yawa. In suka ɗauki ɗari da sunan kamfani, to sun ɗauki hutunsu da asibitinsu da gidajensu da rigimar ƙungiyarsu, ranar sallama kuma a yi ta shari'a. Su sana'arsu sayar da kayan gini, ba kiwon mutane ba. Saboda haka suke biyan Alhaji fiye da ladan leburori, don ya zama shi ne ubangidansu a gaban doka, ya ɗauki wannan kaya, ya yanki inshora. Ya ce tsarin ba zalunci ba ne, in an bi shi daidai da yanzu an biya Ja'afaru. Na ce amma ai kun san fuskokin nan ba sa canjawa. Ya yi murmushi, ya ce Malam Ɗahiru, cikin abin da suke biyan Alhaji har da kada su sani. Kai! Abin haushin ma, rabin maganarsa gaskiya ce. Na bar masa lemonsa ban sha ba.

Alhaji kuwa ya kawo tasa hanyar. Ya ce abu mai sauƙi ne, Yaya ya je kotu ya yi rantsuwa cewa shi ne Mamman Ila, Ja'afaru laƙabi ne, sai a gyara katin asibiti, inshora ta biya, kowa ya huta. Ni ma na ga sauƙin. Kwana biyu ina lallashin Yaya. Na kawo masa Kaltume, na kawo masa yara, na kawo masa gona. Ya bar ni na gama, sannan ya ce shi ya yarda an kira shi da kowane suna don a ci abinci, amma ba zai dafa Alƙur'ani ya ce ubansa ba Adamu ba ne. Ya ce yatsu uku sun tafi, ba zai bi su da uba ba. Na fusata, na ce to ya ci taurin kan, na fita na buga ƙofa. Ni da na jawo, ni ke buga ƙofa! Ban kai bakin titi ba kunya ta kama ni.

Saura hanya ɗaya. Wani tsohon lebura ya raka Yaya ofishin ƙwadago. Jami'in da suka samu ya saurare su, ya ce zai iya tilasta a biya da sunan gaskiya, amma sai wanda ya rubuta rajistar ya zo da ita, ya faɗa da bakinsa, ya sa hannu cewa Mamman Ila da sauran bakwai ɗin duk Ja'afaru ne. Wanda ya rubuta rajistar kuwa kin san shi. Yaya bai roƙe ni ba. Ya dai faɗa mini abin da aka ce, ya juya ya ci gaba da jan carbi da hagu.

Alhaji ya ji labari. Bai yi faɗa ba, shi ba ya faɗa. Ya tuna mini wanda ya ɗauko ni daga tashar Kawo ina rubuta wa mutane wasiƙa a kan akwati, wanda ya ba ni keke, wanda ya kama mana ɗakin nan. Ya ce in na buɗe baki kamfani za su soke kwangila don su wanke kansu, mutum sittin su rasa abinci, ni kuma da na rubuta ƙarya da hannuna ban san inda zan kwana ba. Ya ce in tuna ina da mai ciki.

Ina tunawa, Hasiya. Ba abin da nake tunawa sai shi. Gaba kura, baya sayaki. In na yi shiru na ci amanar Yaya, in na yi magana me zan ba ki ke da abin da za ki haifa? Jami'in ya ba da mako biyu. Kullum da safe in ce yau zan je, in hau keke, in tsinci kaina a gindin mangwaro ina kiran sunaye. Ki rubuto mini ko layi ɗaya ne, ko zagi ne.

Mijinki mai kewarki,
Ɗahiru Sambo.

Unguwar Shanu, Kaduna.
Asabar, 19 ga Yuni, 1976.

Zuwa ga Hasiya,

Barka, barka da arziki! Alhamdu lillahi. Sannu da jiki, sannu ƙwarai. Yaya ƙarfin jikin, yaya baƙon? Allah ya raya, ya shirya, ya sa mai jin ƙai ne. Ki yi wa Inna barka, da Kaltume da ta tsaya a kanki.

Jiya da hantsi Labaran direba ya tsaya a bakin sito yana ta danna ham, ya leƙo ya ce Liman, an samu namiji ran Alhamis. Leburori suka ɗaga ni sama. Da na kai wa Yaya labari, wallahi rabon da in ga haƙoransa tun kafin kwanon nan. Ya ɗaga hannuwa zai yi addu'a, ya dubi na daman, ya ci gaba da addu'arsa.

Sannan direba ya miƙo mini 'yar takardarki. Wata guda ina jiran ta. Na buɗe, na ga layi biyu. Kin ce in aiko da sunan da za a raɗa wa yaro. Kin ce kuma in faɗa miki tun yanzu na wata nawa ne, don ki san ranar da za ki daina kiransa da shi.

Hasiya, kin iya. Da mari kika aiko Labaran ya yi mini a gaban mutane da ya fi mini sauƙi. Na fara jin haushi, ba zan ɓoye ba. Na ce ita tana can ana dafa mata ruwan wanka, ina ta san abin da ake ciki? Na ɗauki alƙalami in ba ki amsa daidai da ke, na yaga takarda uku. Kowace na rubuta, in na karanta sai in ji muryar Malam Bello ce ke fita daga bakina, mai daɗi, mai hujja, ba ta san kowa ba.

Yau ranar biya ce. Na zauna ina kiran mutane suna dangwala yatsa. Na kira wani Sambo Bello sau uku ba wanda ya amsa, sai da na kusa da shi ya zungure shi ya ce kai ne fa. Aka fashe da dariya. Ni na kasa. Sambo sunan mahaifina ne, ban ma san lokacin da na ba da shi ga wani ba.

Wa'adin jami'in jibi Litinin yake cika. Ba zan yi miki alkawari a takarda ba, na yi wa takarda ƙarya da yawa. Sunan yaro kuma ki dakata mini zuwa Talata.

Ki riƙa shan kunun kanwa da kyau.

Naki,
Ɗahiru.

Unguwar Shanu, Kaduna.
Talata, 22 ga Yuni, 1976.

Zuwa ga matata Hasiya, maijego,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya ruwan zafi, yaya yaron? Ina fata yana kama nono sosai. A gaishe da Inna da duk 'yan barka.

Gobe in Allah ya so muna tafe ni da Yaya, amma na aiko wannan ta riga mu, don na san a gidan surukai cikin taron suna ba zan sami sukunin yi miki magana ba.

Na je. Jiya da safe na ɗaure rajistocin nan takwas a bayan keke, ban nemi izinin kowa ba. Sau biyu na wuce ƙofar ofishin ƙwadago ban tsaya ba, a na ukun na ga Yaya zaune kan benci a waje, ashe tun da sassafe ya tako da ƙafa, bai gaya mini ba. Ya dai matsa ya ba ni wuri.

Jami'in wani Bazazzagi ne mai tabarau, ba ya gaggawa. Ya jera littattafan, ya duba yatsan nan mai tabon lauje a wuri takwas, ya tambaye ni wa ya rubuta waɗannan sunaye. Na ce ni ne. Ya ce ina mutanen? Na ce babu su, ba a taɓa haihuwarsu ba, mutum ɗaya ne, ga shi nan zaune, sunansa Ja'afaru Adamu, mutumin Bakori, shekararsa biyu yana aiki a siton. Hasiya, da na gama faɗa sai na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Ya rubuta, na sa hannu. Ya ce zai kira Alhaji da mutanen inshora, kuma ba za a rufe maganar ba sai an biya da wannan suna. Yaushe, bai faɗa ba. Ni kuma ya ce kada in yi nisa, za a neme ni, don abin da na yi ba ƙarami ba ne. Na ce ina nan.

Kafin azahar labari ya kai sito. Alhaji ya aiko aka karɓi keke da mabuɗin akwatin rajista, ɗaki kuma ya ba mu zuwa ƙarshen wata. Ban ga laifinsa ba, kuma ba zan ce bai yi mini alheri ba. Kamfani sun ce za su duba kwangilarsa, Malam Bello har da cewa abin ya ba su mamaki ƙwarai. Mamaki! Leburori kuwa sun rabu biyu. Wasu na gaishe su sun kau da kai, kuma suna da gaskiya, abincinsu na taɓa. Amma da yamma mutum biyar suka zo ɗakinmu, suka ce in ana neman shaida su ma za su je, kowa da sunan da ubansa ya raɗa masa.

Saboda haka ki sani, mijinki ba shi da aiki, ba shi da keke, ɗakin ma na kwana takwas ne. Tsoro nake ji, ba zan yi miki ƙarya ba. Akwatina na rubuta wasiƙa yana nan, tashar Kawo ma ba ta tashi ba. Za ki ɗan ƙara kwana a gida kafin in sami inda zan sa ku. Ragon da Labaran zai sauke ƙarami ne, ki roƙi Kaltume kada ta yi masa dariya a gaban mutane. Goro ma ƙwarya ɗaya ce. Na ɗauki ɗaya na ba Yaya, ya karɓa, wannan karon ya ci.

Yanzu amsar tambayarki. A gaya wa liman sunan yaro Ja'afaru. Na san ba za ki iya kiran sunan ba, ki nemo masa alkunyar da kike so, wannan naki ne. Amma na littafi Ja'afaru ne, kuma ba na wata uku ba ne. Da shi za a kai shi makaranta, da shi zai yi aure, da shi za a yi masa salla bayan tsawon rai.

Ki yafe mini in kin iya. In ba ki iya ba yanzu, zan jira.

Ni ne mijinki,
Ɗahiru Sambo.

Ƙari: Baƙin tabon da kike gani a ƙasan nan ba tawada ce ta zube ba. Yaya ne ya ce shi ma zai gaishe ki, ya dangwala babban yatsansa na hagu. Bai saba ba, shi ya sa ya ɗan goge. Na rubuta sunansa a gefe, Ja'afaru Adamu. Ya ce in karanta masa abin da na rubuta. Na karanta. Ya ce in sake.